Babban Yatsan Kawu

Yau ma na wuni a layi a Kano wajen neman aiki, har ƙafafuna suka kumbura. Da nake cike takardar neman aikin na iso gurbin da ake rubuta sunan wanda zai shaidi halina, sai na kasa ci gaba. Kawu, yayan mahaifiyata, shi nake rubutawa kullum, ga shi damina biyu ke nan da rasuwarsa.

A ƙauyenmu, kusa da Gezawa, duk wanda ya kai masa irin wannan takarda sai ya ce a fara zuwa gona. Ni ma bai ɗaga mini ƙafa ba. Ya bi kunyoyin gerona ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, har ya tono ciyawar da na tsallake na rufe da ƙasa.

"Ɗan nan, in na ce ba ka ha'inci, wannan fa?"

Na sake noman ina ƙunƙuni. Sai la'asar ya dangwala mini babban yatsansa mai kaushi.

Yau haka na bar gurbin, na hau motar gida. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa gonakin nan su shaide shi ranar da kowa ke neman mai shaida.