Jakar goyo ɗaya da wasiƙar amana

Shekarun baya, ina cikin wata na takwas da shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Bronx, na yi wata tafiya da har yau idan na tuna ta sai in kama kaina ina murmushi. Kwanan nan wasunku suka tambaye ni yadda mutum zai je yawon buɗe ido ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku labarinta. Ku yi haƙuri da tsawonsa, ban iya gajarta zance ba.

Na yi karatun allo tun ina yaro, ina karanta Alƙur'ani, ina rubuta ajami. Amma boko ban taɓa zama a ajinsa ba sai da na haura arba'in. Shekaru na yi a New York ina gane jirgin ƙasa da launi da lamba, ina gane titi da shagon da ke kusurwarsa. A lokacin da nake ba ku labari na san haruffa duka, sai dai kafin in haɗa kalma ɗaya, mai shayi ya gama haɗa shayi ya miƙa.

Ina aiki a wani shagon kayan abinci a unguwar Tremont, muna sauke kaya daga mota muna jerawa. Abokin aikina mutumin Jamhuriyar Dominika ne, ƙasar da ake Sifaniyanci. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensu, Turancinmu mu biyun na kasuwa ne, amma mun yi shekara shida muna ɗaga buhun shinkafa tare. "Primo" yake kirana, wato ɗan'uwa.

Sai kuma abokina, ɗan Zangon Kumasi, direban tasi. Shi kowace shekara sai ya goya jaka ya tafi wata ƙasa mai zafi, ya dawo ya cika mu da labari a ƙofar masallaci. Shekarar da takarduna suka daidaita ya ce min, "Mutumina, bana ba ka da uzuri. Kwana tara, ƙasar abokin aikin nan naka. Akwai rana, akwai rogo, akwai ayaba, kamar gida."

Ana saura kwana biyu mu tashi ya zo duba shirina. Ya tarar na cika manyan jakunkuna biyu. Ni abin da na sani, tafiya ita ce tafiya gida, kuma ba a zuwa gida hannu biyu. Na saka babbar riga, takalmi ƙafa uku, garin kunu, yaji, buta, bargo, da turare kwalba shida na tsaraba.

Ya tsaya ya riƙe ƙugu. "Wa ka sani a can da za ka kai wa turare?"

Na ce, "Ai ba a sani ba."

Matata tana daga kicin ta ce, "Gaya masa dai. Tun jiya nake cewa yawo za shi, ba ƙaura ba."

Ya zazzage komai a ƙasa, ya miƙo min jakar goyo guda ɗaya. Ya ce abin da ba zan iya ɗorawa a cinyata a cikin mota ba, to ba nawa ba ne. Riga uku marasa nauyi masu saurin bushewa, wando biyu, silifa, ƙaramar darduma mai naɗewa, maganin sauro. Buta ya ce in bar ta, gorar ruwa za ta yi aikinta. Fasfo a 'yar jaka ƙarƙashin riga, kwafinsa a wani wuri daban. Yaji kawai na yi faɗa a kansa har na ci nasara.

Washegari a wurin aiki, abokin aikina ya ja ni bayan shago ya ciro ambulan daga aljihu. Ya shekara goma sha ɗaya bai je gida ba saboda matsalar takardu. Mahaifiyarsa tana wani ƙauye a kan dutse, inda sabis na waya sai an yi sa'a. Ya ce, "Primo, ba kuɗi ba ne. Wasiƙa ce da hoton 'yata. Akwai maganar da ba ta faɗuwa a waya. Hannu da hannu, ka ji?"

Na ce na ji. A wurinmu idan mutum ya damƙa maka saƙo zuwa ga mahaifiyarsa, ba takarda kawai ya ba ka ba. Idonsa ya ara maka. Idan ka dawo zai tambaye ka yadda ka gan ta.

Ya rubuta min hanya da manyan haruffa: daga Santiago, birnin da jirginmu zai sauka, zuwa La Vega, daga nan zuwa Jarabacoa, sannan sunan ƙauyen da sunan tsohuwar. Na kai wa malamata a aji, ta sa na kwafe su da hannuna har sau biyar.

Mun sauka Santiago lafiya. Abokina ya san kan tafiyar talaka. Muna kwana a ƙananan masaukai masu ɗaki ɗaya gado huɗu. Da rana mu nemi inda direbobi ke cin abinci, don a nan ake samun shinkafa da wake da zafinsu, ga arha. Ya koya min kalma biyu, "sin cerdo", ma'ana ban da alade, kuma ya ce in riƙa tambaya har da man da aka yi girkin. Na rubuta su da ajami a tafin hannuna. Inda muka yi shakka sai mu ci kifi da soyayyar ayaba, in barbaɗa yajina, shi da ya hana ni ɗaukowa ya fi ni ci.

Kuskurena ɗaya ne. Na ce mu fara kai saƙo, ya ce, "Haba, dutse ba ya gudu. Mu fara da teku." Na biye masa. Muka yi kwana shida a bakin teku, muka dawo Santiago saura kwana biyu jirginmu ya tashi. A ranar ne gwanin tafiya, wanda kullum yake min wa'azi kada in sha ruwan da ba na gora ba, ya ga lemo mai ƙanƙara a bakin titi ya kasa haƙuri. Da gari ya waye ba ya iya nisa da banɗaki.

Yana kwance ya ce, "Ka ba mai masaukin nan wasiƙar, ya ba direba ya kai. Haka suke yi."

Na ce, "Idan na koma ya ce yaya na ga tsohuwa, in ce masa me? In ce direba ya gan ta?"

"To kai da ba ka jin ko sannu a yarensu?"

"Ina da takarda."

Ya dube ni ya ce, "Allah ya kai ka. Ka dai dawo kafin duhu, kada in rasa abin da zan gaya wa matarka."

Na sayo masa ruwan gora da ayaba, na saka ambulan a leda na cusa ƙarƙashin riga, na fita da sassafe. A can tafiya ta safe ce, don da rana ta karkata ruwan sama yake saukowa.

Tashar farko ba ta ba ni wuya ba. Ƙananan bas ɗinsu, da suke kira guagua, suna tsaye a jere, kowace da allo a gilashin gaba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai taya rago, har na karanta La Vega da kaina. Na shiga na gaisa da jama'a da hannu a ƙirji, suka amsa gaba ɗaya. Jakata a cinya, wata mata da kajinta a gefena.

A La Vega aka sauke ni a wata mararraba, direba ya nuna min tsallaken titi. A nan motoci ba sa jira. Su rage gudu, kwandasta ya yi ihu da sauri kamar ana fasa gyaɗa, su wuce. Ta farko ta zo, na fara, "Ja... ra...", kafin in kai ƙarshe ta yi nisa. Ta biyu ma na tsaya karanta ta, ashe ba tawa ba ce. Ta uku tawa ce, na gama haɗa sunan daidai lokacin da nake kallon bayanta.

Ga mutane a wurin, da na nuna wa wani takardar da an wuce wurin. Amma na shekara da shekaru ina miƙa wa baƙi takarda a New York ina cewa na manta tabarau, kuma ran da na shiga aji na yi wa kaina alkawari na daina. Na ɗaga kai na ga hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu. Na ce wa kaina, malam, saƙon mutane ne a ƙirjinka, ba jarrabawa kake ba. Na sake duba takardar. Sai na lura ashe ba sai na karanta sunan duka ba. Harafin farko kamar mariƙin lema yake, kuma sunan dogo ne. Mutum ma ai daga nesa da tafiyarsa kake gane shi. Da ta huɗu ta ɓullo na ga mariƙin lema, na ɗaga hannu. Da na shiga kuma na nuna wa direba takardar don in tabbatar, ban ce masa na manta tabarau ba.

Daga Jarabacoa sai babur, irin acaɓarmu. Na yi ciniki da yatsu kafin in hau, don abokina ya ce wanda ya hau bai tambaya ba ya riga ya yarda. Muna cikin hawa ruwa ya tsinke. Na dafe ƙirjina da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe ƙarfen babur ina salati.

Gidan katako ne mai shuɗin fenti, ga bishiyoyin kofi a bayansa. Wata tsohuwa 'yar firit ta leƙo. Na faɗi sunanta, na nuna mata hotona da ɗanta a waya. Ta kama hannuwana biyu ta riƙe, tana magana tana kuka tana dariya. Sa'ar mahaifiyata ce. Ta zaunar da ni, ta ba ni tawul, ta kawo kofi baƙi ƙirin mai zaƙi kamar zuma.

Na ciro ambulan a bushe na damƙa mata. Ta sumbaci hoton jikarta ta jingina shi a kan tebur. Sannan ta warware wasiƙar, ta riƙe ta, ta juya bayan takardar, ta sake juyo da ita. Na san wannan riƙon. Haka na riƙe takarda shekara arba'in.

Ta miƙo min, ta nuna bakina, ta nuna kunnenta.

Na girgiza kai, na nuna mata ba na jin yaren. Ta ƙara turo min takardar. Na duba waya ko zan kira ɗanta, babu sabis ko ɗigo. Na duba wasiƙar. Shafi ɗaya ce, da manyan haruffa rarrabe, don shi ma bai yi nisa a makaranta ba. Na yi bismillah na ɗora yatsa a layin farko.

Gaɓa gaɓa nake fitar da sautin, ban san me nake cewa ba. Inda na karkace sai ta maimaita kalmar daidai, in bi ta, mu ci gaba. Wani wuri ta fashe da dariya har da tafi. Can tsakiya ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta tashi ta je bakin ƙofa ta daɗe tana kallon ruwan sama. Na jira. Ta dawo ta zauna, ta share ido da gefen zani, ta taɓa takardar, na ɗora daga inda na tsaya. Layin ƙarshe sau uku ta sa na karanta mata. Kafin mu gama ruwa ya ɗauke, rigata ta bushe a jikina.

Ta shimfiɗa min buhu mai tsabta a baranda na ɗora darduma na yi sallah, ta ciyar da ni shinkafa da ƙwai, ta ƙulla garin kofi a leda ta ce na ɗanta ne. Ya shiga jakar daidai, a gurbin da turare shida za su zauna.

Na isa masauki rana ba ta faɗi ba. Abokina yana zaune yana shan shayi ba madara. Na ba shi labari, ya ce, "Wato ni na kwanta ciwo, kai ka zama malamin Sifaniyanci."

Ranar da na koma aiki, abokin aikina ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Yaya ka gan ta?" Na ce tana tafiya ba sanda, ba ta tari, rufin ɗakinta ba ya yoyo, kuma ta fi ni cin shinkafa. Na ba shi kofinsa, ya daɗe yana shinshina ledar. Da na ce ni na karanta mata wasiƙar, ya zaro ido. Shi a tunaninsa maƙwabciyarta za ta karanta mata. Bayan kwana biyu ya samu mahaifiyar tasa a waya, ya zo yana dariya. Ya ce ta ce maƙwabciyar tana gida a ranar, da gangan ta ƙi kiranta, don bakinta ya fi rediyo. Ta ce Allah ne ya aiko mata da wanda zai karanta bai ji komai ba.

Ya ce, "Primo, kana so in gaya maka abin da ke ciki?"

Na ce a'a, ba ni aka rubuta wa ba.

To masu tambayar tafiya, abin da zan ce muku ke nan. Ku ɗauki jaka ɗaya, ku bar mata gurbi. Ku ci inda direbobi ke ci, ku bar ƙanƙarar bakin titi komai zafin rana. Ku fita da safe. Ku rubuta sunayen garuruwa da hannunku, kuma kada ku ji kunyar nuna takarda. Idan an ba ku saƙo, ku kai shi ranar farko, teku tana nan tana jira.

Yanzu ina karanta allon mota tun tana nesa, ga shi har ina rubuta muku wannan da kaina. Na karanta takardu da yawa tun daga lokacin, na asibiti, na haya, na makarantar yara. Amma shafin farko da na taɓa karantawa daga sama har ƙasa ba malama a kusa, shi ne wancan, kuma har yau ban san abin da na gaya wa tsohuwar nan ba.