Tukunyar da Na Kifar

Wata Laraba ce da kaka, shekarar da aka sa ni makarantar boko a Gagarawa. Baba ya bar mini gadin wakenmu da aka shanya a gindin rumbu, don washegari za a kai shi kasuwar Maigatari. Ina zaune da karan dawa ina korar kaji, sai na jiyo ihun yara suna langa a bayan danga. Na ce bari in ɗan taɓa in dawo. Kafin in dawo, awakin maƙwabta sun cinye waken gefe guda na tabarmar shanya, sun bar mini sawun kofato.

Tsoron dorinar Baba ya kai ni ɗakin ajiya. A can akwai tulun iri, waken shukar baɗi, wanda aka barbaɗa wa wani farin garin magani saboda ƙwari. An sha gaya mana ko kaza ba a ba ta shi. Na ɗebo a ƙwarya, na kakkaɓe a rariya, na goge da bakin rigata, na cakuɗa da na shanya. Ya saje tsaf. Da la'asar aka ɗura a buhu aka ɗinke.

Na manta da al'adar gidanmu. Baba ba ya kai hatsi kasuwa sai an ware mudu an dafa mun ci. Yakan ce, "Abin da 'ya'yana ba su ci ba, ba na sayar wa 'ya'yan wani." Ashe an ware mudun kafin a ɗinke buhun, Inna ta ɗora tukunya. Ƙanwata Talatu ta matso kusa da murhu da ɗan akushinta, tana cewa, "Yaya, ni zan fara shan romo." Tukunya na tafasa, ni kuma warin garin nan kawai nake ji a hancina. Na tashi kamar zan iza wuta, na sa ƙafa na ture dutsen murhu. Wake ya kife cikin toka.

"Kai Sale, idonka a ƙeya yake?" in ji Inna, ta bi ni da muciya. Baba bai taɓa ni ba. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Akwai abin da za ka gaya mini?" Na ce babu.

Da safe muka bi amalanke zuwa Maigatari. Wani dattijo daga wajen Damagaram ya sayi buhun, yana ta sa wa Baba albarka, ya ce gidansa cike yake da jikoki. Na tsaya ina kallon jakinsa har ya ƙetare iyaka. Ban taɓa jin labarinsa ba. Na ceci Talatu, na bar nasa yaran, kuma har Baba ya rasu ban buɗe baki ba.

Yanzu jikana Nasiru yana karatun kasuwanci a babbar makaranta. Ya ce akwai darasin amana da haƙƙin jama'a da ake koya musu. Na tambaye shi me ya ɗauka a ciki, sai ya yi dariya. "Tsoho, wannan na cin jarrabawa ne. Mu haddace, mu rubuta, mu wuce. Kasuwa daban take." Bana ya tara buhunan wake a zaurena, ko daga ƙofa ana jin warin magani. Jiya na ji yana gaya wa uwarsa, "Umma, kada a taɓa na zaure, na kasuwa ne."

A da, a gidan nan, na kasuwa da na tukunya buhu ɗaya ne. Baba bai san allon makaranta ba, da murhu ya ba ni darasin, ni kuwa na faɗi jarrabawar. Gobe Alhamis, motar Maigatari za ta zo da sassafe. Na sa an ɗebo mudu daga buhun Nasiru an ɗora, ƙannensa sun kewaye murhu da kwanukansu. Ba zan bari ko loma ta shiga bakinsu ba, amma shi bai sani ba. Ina zaune ina dubansa, yadda aka taɓa dubana.