Kyaftin Mai Bille

Ko da zan manta sunayen titunan Landan kaf, ba zan manta jirgin ruwan da muka haɗa a kan teburin cin abinci a Plumstead ba, da ranar da aka tashi yanke wa mutanen cikinsa kai.

A tagar wani kanti a Woolwich na fara ganinsa. Hoto ne a jikin kwali: ɗan jirgin sintiri na Yaƙin Duniya na Biyu yana keta teku, hancinsa a sama, wani mutum na tsaye a wajen tuƙi, iska na kaɗa wuyan rigarsa. Na tsaya riƙe da jakar cefane ina tunanin wace ce wannan bawan Allah ya baro a gida tana jiransa. Haka nake a lokacin. Na taso da ƙananan littattafan soyayya da ake bazawa a kasuwar Sabon Gari, inda saurayi ke daina cin abinci saboda budurwa. Nawa mijin kuwa tas yake cinye tuwonsa, ya ce Allah ya yi albarka, ya koma kan karatunsa.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo, gwamnati na ta tura ma'aikata ƙaro ilimi. Maigidana na cikinsu, ni kuma amarya ce aka haɗo shi da ita. Mutumin kirki ne, sai dai magana ba ta dame shi ba. Ran Asabar sai ga shi da kwalin nan a hammata.

"Na ga kin daɗe kina kallonsa," ya ce. Iyakar bayanin ke nan.

Da muka buɗe, babu jirgi, sai gutsattsarin roba birjik. Muka raba aiki. Shi ya ɗauki gangar jirgin, da bindigogi, da dogayen bututun da ke gefe. Ni aka bar wa matuƙan, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Abin mamaki, in yana riƙe da gam bakinsa buɗewa yake yi. Ya gaya mini daga bututun nan ake sakin bam mai tafiya ta ƙarƙashin ruwa kamar kifi, kuma jirgin na gaske da katako aka yi shi, gudunsa kawai ke cetonsa. Ni ban damu da bam ba. Muryarsa nake saurare, warin fenti ya cika ɗan gidan namu, taga ta yi gumi.

Takardar cikin kwalin ta ce a yi wa matuƙan fentin farar fata. Na haɗa nawa launin, na mai da su 'yan garinmu. Da na zo kan kyaftin, sai na ɗauko allura, na tsoma tsininta a baƙin fenti, na ja masa bille a kumatun hagu, daidai yadda yake a fuskar maigidana. Macen da ko sunan mijinta ba ta iya faɗa, ta ina za ta fara ce masa tana sonsa? Da allurar nan na faɗa. Na miƙa masa. Ya juya shi ya ce, "Hular ta ɗan karkace." Ya manna shi a wajen tuƙi.

Ba a daɗe ba aka kawo surukina aikin ido, yanar ido ta rufe masa gani. Tsohon alƙali ne, wanda ko kalanda mai hoton mutum ba ta kwana a zaurensa. Kafin ya sauka, maigidana ya dubi jirgin a kan kanta ya ce, "Baba ba ya zama ɗaki ɗaya da mutum-mutumi. Sai dai a cire kawunan. In babu kai, malamai sun ce ba siffa ba ce."

"A tura shi ƙarƙashin gado mana."

"Ba na ɓoye wa Baba abu a gidana."

Ga shi an manne matuƙan da jirgin, ba sa ciruwa. Na roƙe shi ya bari har a gama aikin, tunda yanzu Baba ba gani yake ba. Ya yarda, bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Haka Baba ya yi ta zama ƙarƙashin kantar nan yana jan carbi, ina durƙusawa ina ajiye masa kunu, ina addu'ar Allah ya ba shi lafiya, ina kuma tsoron ranar da zai samu.

Aka yi aikin, aka rufe idon da bandeji, sai ranar ta zo da hantsi. Sun tafi asibiti, na ɗauka dubawa kawai za a yi, sai ga Baba ya dawo da tabarau mai kaurin gaske, yana shigowa da ƙafarsa ba jagora. Ya dubi labule, ya dubi tafin hannunsa, ya dube ni ya ce, "Ashe haka kike, 'yata." Sai idonsa ya hau kanta.

"Mene ne wancan?"

"Jirgi ne, Baba," in ji maigidana.

"Jirgi na gani. Su waɗannan fa da ke tsaitsaye?"

Aka sauko da shi. Baba ya ce a kawo reza. Ni na kawo. Na koma bakin ƙofa na tsuguna. Ya ɗaga jirgin zuwa hasken taga, ya matso da shi har ya kusa taɓa tabarau, ya kama kyaftin da yatsu biyu. Sai ya tsaya. Ya ƙura masa ido.

"Wa ya yi masa fenti?"

Na sunkuyar da kai.

"Kai," ya ce wa ɗansa, "ka taɓa duban mutumin nan da kyau?"

"Na duba, Baba. Hularsa ce ta karkace."

"Hula! Ni na kira wanzamin da ya yi wannan billen, kana ta tsala ihu, uwarka na kuka a ɗaki. Ni da nake makaho jiya na gane ɗana, kai da idonka biyu kana maganar hula. Matso ka gani, sakarai."

Maigidana ya sunkuya ya duba. Ya kai hannu kumatunsa. Ya waiwayo ya dube ni, irin duban da bai taɓa yi mini ba, ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska.

Baba ya ajiye rezar a kan tebur. Ya ce shi ba zai fara aiki da sabon idonsa da yanke kan ɗansa ba. Sannan ya gyara murya irin ta alƙalai, ya yanke hukunci: a fitar da jirgin daga inda ake salla, a kai shi ɗakinmu, domin kayan wasan yara ba laifi ba ne. Maigidana ya ce ai babu yaro a gidan. Baba bai dubi inda nake ba, ya ce, "Ashe ba hula kaɗai kake kuskure ba." Na tashi da gudu na shige kicin. Ina da ciki wata uku, ina ta neman ta inda zan fara gaya wa maigidana.

Abin da na koya shi ne, mutumin da kake tsoron hukuncinsa, wani lokaci shi ne zai karanta zuciyarka tun kafin ka buɗe baki, kuma tsananin mutum ba ya hana shi taushi. Baba ya koma gida ya ci gaba da karanta Alƙur'aninsa da idonsa har ƙarshen rayuwarsa. Bai taɓa sake tayar mini da zancen ba. Amma an gaya mini, a ciwon ajalinsa, da aka ce masa ɗansa na hanya, sai ya yi murmushi ya ce, "Wanne? Na gidan ko na kan jirgi?"