Butar Tabawa

Duk wanda ya zauna bakin tafki wajen Ngaski, zamanin muna cikin Jihar Sakkwato, ya san Tabawa mai bandar kifi. Gajeruwa ce, ga baki, hayaƙi ya rine mata idanu. Ko kan tarwaɗa ba ta kyauta. Amma ruwa, ko akuya ce ta yi mata kuka sai ta tashi ta ba ta. Baƙi kan yi dariya, mu da muka san dalili ba ma yi.

Shekarar da amai da gudawa ya fara shigo mana, ya kama ɗanta tilo, Umaru. A lokacin kowa ya yarda ba a ba mai gudawa ruwa, wai ƙara masa ake yi. Tabawa ta fitar da randa daga ɗaki. Yaro yana "Inna, ruwa," ita tana rarrashi. Da aka kai shi asibiti a Yelwa cikin kwalekwale, ma'aikaci ya lalube hannu da ƙafa, jijiya ta ɓuya, babu inda zai soka allurar ƙarin ruwa. Ya ce jikin ya riga ya bushe. Gawa ta dawo da ita. Har yau in na tuna sai tausayinta ya kama ni.

Bayan shekaru, masu kiwon lafiya suka zo koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari. Tabawa, wadda ba ta barin bandarta ko don biki, ita ce a sahun gaba.

Da cutar ta dawo, ta kayar da Dije, 'yar maƙwabcinta. Tabawa ta taho da buta cike da ruwan gishiri da sukari, sai kakar yarinyar, Hauwa, ta tare ƙofa.

"Kashe ta za ki yi, Tabawa? Tun kakanni ba a ba su ruwa."

"Ni ma haka niy yi, Hauwa. Nawa yam mutu shina hangen tafki. Kauce mini."

Hauwa ta kauce. Tabawa ta tallafo kan yarinyar tana ɗura mata da cokali, in ta amayar ta sake. Can Dije ta buɗe ido, da ƙyar ta ce, "Inna, ruwa."

"Ga shi, Umaru," in ji Tabawa. "Sha."

Dije ta tashi. Cikin waɗanda ke ɗakin kuwa babu wanda ya gyara wa Tabawa sunan.