Alhamis ɗin Illiyasu a Umm Shomar

Shekara tara ke nan ina riƙe da rajistar wata ƙaramar ƙungiyar masu hawan duwatsu a Alƙahira. Aikina na ainihi akawu ne a wani ofishin aika kaya a Dokki. Dakta Samah, likitar da ta kafa ƙungiyar, ita ta ce tunda ni Harun ba na ɓatar da takarda, ni zan riƙa rubuta dutsen da kowa ya hau. Ƙungiyar ta zaɓi duwatsu goma sha biyu, yawancinsu a Sina, sauran a gefen Bahar Maliya. Wanda ya hau su duka a gaban shaidu, shi ake cewa ya kammala.

Mutum ɗari uku da sittin da ɗaya suka rubuta suna tun da na fara. Fiye da rabinsu ba su wuce Jabal Musa ba, wanda tsofaffi masu ziyara ma suke hawa. Waɗanda suka kai shida ba su cika arba'in ba. Bakwai ne kacal suka kammala, dukkansu Misirawa masu mota da hutun ofis. Mutum ɗaya ne daga cikin mutanenmu Hausawa ya kai goma sha ɗaya, shi ne Illiyasu.

Mutumin Dogondutse ne a Nijar. Karatun shari'a ya kawo shi Masar, ya yi nisa, sai mahaifinsa ya rasu, nauyin gida ya dawo kansa. Ya ajiye karatu ya kama aiki a shagon wani Basudane a Hayyin Ashir, inda ake sayar da kayan abincinmu: manja, garin rogo, kuka, busasshiyar kuɓewa. Shi ke kai wa mutane kaya har ƙofa. Gine-ginen unguwar da yawa ba su da asansir, wato na'urar hawa bene, don haka a kafaɗa yake ɗaukar buhu ya bi matakala. Haka na san shi. Ya kawo mini shinkafa hawa na shida, ya ajiye, ya gaishe ni ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, numfashinsa bai canza ba. Na ce ya zo ranar Juma'a mu taka a Wadi Digla, wani kwari mai duwatsu a bayan gari. Ya yi dariya ya ce, "Malam Harun, wahalar da ake biyana in yi, ita kuke yi kyauta?" Amma ya zo.

Bayan Jabal Musa bai sake yi mana dariya ba. Ba shi da takalmin hawa sai wani na gwanjo da ya saya a kasuwar Ataba. Sau biyu a shekara mai shagon ke sakinsa, kuma bai taɓa ɓata ko ɗaya ba. Ba mai yawan magana ba ne. In an kai ƙololuwa wasu na ihu suna ɗaukar hoto, shi sai ya nemi alƙibla ya yi raka'a biyu, ya zauna yana kallon ƙasa kamar mai neman gidansu.

Bara ɗiyarsa Zara, mai shekara huɗu, ta kamu da sanƙarau. Ta yi kwanaki ba ta gane kowa. A barandar asibiti Illiyasu ya yi bakance, ya yi wa Allah alkawari cewa in yarinyar ta tashi zai azumci kowace Litinin da Alhamis har shekara guda. Zara ta tashi. Ya riƙe alkawarin yana hawa benaye da buhu a zafin Alƙahira, bai faɗa wa kowa ba sai matarsa Asama'u. Ni ma a kan dutse na ji.

Sai mahaifiyarsa ta aiko cewa ƙarfinta ya ƙare, ya dawo gida. Ya yanki tikiti na ƙarshen wata, shi da iyalinsa, tafiyar da ba dawowa. Dutse ɗaya ya rage masa, Umm Shomar, a kudancin Sina, mai nisa da tsaurin hawa. Sau ɗaya muke zuwa a shekara. An sa hawan ranar Juma'a. Ana saura kwana kaɗan jagoranmu Fadl, Balaraben daji da ya girma a cikin duwatsun, ya bugo waya ya ce ana sa ran iska mai ƙarfi ranar Juma'a. Ko a hau Alhamis, ko a bari sai baɗi. Kowa ya ce tamam, a hau Alhamis. Illiyasu ma ya ce tamam.

Ranar Laraba muka haɗu a Abbasiya inda motar ke jira. Asama'u ta rako shi da Zara, abin da ba ta saba yi ba. Ta ja shi gefe suna magana ƙasa-ƙasa, na ga yana girgiza kai. Da za mu shiga ta ce mini, "Malam, ka riƙa duba min Baban Zara. Yana da taurin kai." Kamilu, wani ɗalibi Bakatsine da ba ya rasa abin faɗa, ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, mu ya kamata ya duba. Wannan ai in ƙafata ta gaza buhu zai maishe ni." Ta yi murmushi kaɗan, amma ba ta bar wurin ba har muka karya kwana.

Mun kwana a gindin dutsen, muka fara hawa da sassafe, mu tara da jagora biyu, Fadl da ɗan'uwansa Hadi. Fadl yana da ƙa'ida ɗaya da duk wanda ya taɓa bin sa ya sani. Duk inda aka tsaya hutu, kowa zai sha ruwa a gabansa, sannan ya bi ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga gorar mutum ya ji nauyinta a hannu. In ta yi nauyi sai ya tsaya a kanka har ka sha. Babu rijiya a hanyar, babu inuwar kirki, waya ba ta kamawa.

A hutun farko Illiyasu ya kai gora baki kamar kowa. Fadl ya ɗaga ta ya wuce. A na biyu ma haka. Illiyasu ke gaba kamar kullum, yana miƙo wa na baya hannu a inda dutse ya yi santsi. Abin da na fara lura da shi shi ne ya daina amsa wa Kamilu. Da rana ta ɗaga sai na ga yana dafa dutse a wuraren da ba ya buƙatar dafawa.

Hutu na uku a wuyan dutsen muka yi, inda hanya ke ƙarewa a fara hawa da hannu da ƙafa. Ƙololuwar tana nan a samanmu, ana ganin tulin duwatsun da ke kanta. Fadl ya ɗaga gorar Illiyasu, ya ajiye, bai wuce ba. Ya zagaya bayan dutsen da Illiyasu ya jingina, ya tsuguna, ya taɓa ƙasa. Yashin wurin a jiƙe yake.

"Ruwa ka zubar?" ya tambaya da Larabci. Bai ɗaga murya ba. "A nan? A wannan wurin ka zubar da ruwa a ƙasa?"

Dakta Samah ta matso ta kama bayan hannun Illiyasu ta ja fatar. Fatar ta tsaya a tattare kafin ta koma.

"Buɗe bakinka. Ya salam. Yaushe rabonka da ruwa?"

"Kafin alfijir," in ji shi. "Azumi nake, ya Daktora. Ma'alish, ki yi haƙuri."

Nan ya faɗi zancen Zara da bakancen, a taƙaice, kansa a ƙasa. Ya ce ya san in ya faɗa tun a Abbasiya ba za a ɗauke shi ba.

Fadl ya saurara har ƙarshe, sannan ya nuna sama da sandarsa. "Daga nan zuwa can, in kanka ya juya sau ɗaya, ba mai iya tare ka. Kuma wanda ke ƙasanka da shi za ka tafi. Ka sha yanzu a gabana, ka ci dabino, mu huta, in kai ka da hannuna. Ko ka riƙe azuminka ka sauka. Babu na uku."

Kamilu ya tsuguna gabansa ya koma Hausa. "Haba Malam Illiyasu. Musafiri ne kai fa. Akwai rukhsa, Allah da kansa ya sauƙaƙa. Ka sha ka rama ranar Asabar, khalas, magana ta ƙare. Wallahi ko Shehunmu ka tambaya haka zai ce."

"Na karanta babin rukhsa kafin ka zo Masar."

"To mene ne? Ga shi can, kana gani! Saura ƙiris. Shekara nawa kana bin abin nan? Ƙarshen wata ka tafi, wa zai sake kawo ka?"

"Na sani."

"Ka san in ka sauka shi ke nan?"

"Kamilu, na ce na sani." Muryarsa ta dushe, sai da ya haɗiyi yawun da babu. "Ba na ce haramun ne in sha ba. Amma ranar da na yi maganar nan, ɗiyata ba ta san ni ba. Ban ce sai in babu tafiya ba. Ban taɓa karya shi don buhu ba, da shi nake ci da iyalina. Yanzu in karya shi don dutse?"

Ya juyo ya dube ni, kamar mai jiran in ce wani abu. Na ce, "Duk wanda ka zaɓa, ina tare da kai." Ya daɗe yana kallon saman. Fadl ya buɗe gora ya riƙe a gabansa. Na ga hannun Illiyasu ya motsa a kan gwiwarsa, ya tsaya. Sai ya miƙe a hankali, ya juya wa ƙololuwar baya.

"Yalla, ku tafi," in ji Fadl ga sauran. "Hadi zai kai ku." Shi da kansa ya ɗauki jakar Illiyasu. Dakta Samah ta so ta bi mu, ya ce ta tafi da mutanenta, can ma ana buƙatarta. Ta ba ni ƙullin gishiri da sukari ta ce in ya fara magana ba kan gado kada mu jira komai.

Kafin mu ɗaga ƙafa Fadl ya tsaya gaban Illiyasu. "Ji sharaɗina. Zan riƙa tambayarka sunana. Duk sa'ad da ka kasa faɗa, zan danne ka in ɗura maka ruwa, ka kai ƙarata wurin Ubangijinka. Ka yarda?"

"Na yarda."

Saukar ta fi hawan wuya. Rana ta tsaya a kanmu, duwatsun suka ɗauki zafi har ba a iya daɗewa da hannu a kansu. Fadl na gaba, Illiyasu a tsakiya, ni a baya ina riƙe da bayan rigarsa a wuraren da tsakuwa ke zamewa. Fadl ya jiƙa rawaninsa ya naɗa masa a wuya. Duk inda muka sami tsaguwa mai 'yar inuwa sai mu cusa shi ciki mu tsaya a bakin.

"Wane ne ni?"

"Fadl."

Can gaba ƙafarsa ta dama ta ɗaure. Ya faɗi zaune yana cije leɓe, muka miƙe ta muna murzawa har ta saki. Na taɓa goshinsa na ji shi a bushe, zufar ta tsaya. Na dubi Fadl. Shi ma ya gani.

"Wane ne ni?"

"Fadl."

Da muka shiga kwarin da ke kai wa masaukinmu inuwa ta fara tsawo, amma tafiyarsa ta zama ta mai jin barci. Sau biyu ya kauce hanya na dawo da shi. Sai ya tsaya cak, ya kama wani dutse da hannu biyu. Fadl ya dawo da baya, ya riga ya cire murfin gora.

"Dube ni. Wane ne ni?"

Illiyasu ya dube shi. Bakinsa ya buɗe, ba abin da ya fito. Na ware ƙullin gishirin. Fadl ya miƙo mini sandarsa, ya sa hannu ya kama ƙeyar Illiyasu.

"Fadl," in ji Illiyasu, da ƙyar. "Fadl ne. Sakar mini wuya."

Fadl bai sake shi nan take ba. Ya tambaye shi sunan ɗiyarsa, ya faɗa. Ya tambaye shi yau wace rana, ya ce Alhamis. Sannan ya mayar da murfin, ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin hammatarsa, ni ma na kama ɗaya gefen. Haka muka ƙarasa.

A masauki muka kwantar da shi a inuwar bangon dutse, ƙafafunsa a kan jaka. Fadl ya zauna yana kallon yamma, gora a cinyarsa. A cikin kwari rana kan ɓuya tun kafin ta faɗi, don haka Illiyasu bai yarda ya sha ruwa ba sai da hasken ya bar kan duwatsu mafi tsawo. Fadl ya yi kiran salla da kansa, gajere, ya zuba ruwa a murfin gora ya ba shi. Ya hana shi gorar. Murfi ɗaya, a jira, sannan wani. Sauran suka iso da fitilu a goshi bayan mun idar. Kamilu ya zo da wayarsa a hannu zai nuna hoto, ya ga yadda Illiyasu ke kwance, ya mayar da ita aljihu ya je ɗora shayi.

Washegari muna kan titi waya ta kama. Kiran Asama'u ne ya fara shigowa. Ina kusa da Illiyasu, ina jin muryarta.

"Baban Zara? Lafiya kake? Ka hau?"

"Lafiya lau. Ban hau ba."

"Ka sha?"

"Da magariba."

Na ji ta sauke numfashi. Ta fara wata magana, ta bari. Illiyasu ya jingina kai da gilashin motar, leɓɓansa duk a tsage.

"Ta tashi daga barci?" ya ce. "Ba ta wayar."