Ranar da na zauna a bencin ɗalibaina

Har yau ban manta da wata Talata ba, cikin damina, lokacin ina shugaban sashen Turanci a wata makarantar sakandare da ke hanyar Maikunkele. An kawo mana kwamfutoci, muka lulluɓe su da leda, muka kulle ɗakin. Idan shugaban makaranta ya tambaya, sai in ce, "Ranka ya daɗe, ina wutar?"

Sai aka turo mana Malama Rahila, wata matashiya 'yar kudancin Kaduna. 'Yan aji shida suna shirin jarrabawar furuci, wadda ake gwada ko ɗalibi ya san yadda ake faɗin kalma. Ta roƙe ni in bar ta ta shigo ajina da kwamfutarta mai batir.

"Baba, minti goma kawai," in ji ta.

Ana yayyafi, ajin ya yi duhu-duhu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga. Ta danna wani wuri, sai ga muryar wata Baturiya, a hankali, kamar daga ƙetaren kogi take magana. Yaran suka kasa kunne. Ni ma na shagala. Na ga kaina ina yaro a firamare, ina bin bakin malaminmu, ina tunanin wace irin ƙasa ce ake wannan yare.

Muryar ta ce, "Pepper."

Wata yarinya 'yar Bida, Hawawu, ta ɗaga hannu. "Malam, ai kai fefa kake ce mana."

Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Shekara ashirin da biyu ina koyar da kalmar haka. Rahila ta kai hannu za ta rufe kwamfutar.

Na ce, "Bar ta, 'yata. Maimaita mana."

Na ajiye alli, na je na zauna a bencin gaba, gwiwoyina suna gogar tebur. Muryar ta faɗa, muka faɗa. Sai a karo na shida leɓunana suka haɗu, iska ta fito daidai. Ajin ya ɗauki tafi.

Ku da kuka shigo aikin koyarwa yanzu, in kun ga tsohon malami yana ƙin na'ura, kada ku ce lalaci ne. Yawancinmu tsoro muke ji kada a gano kuskurenmu a gaban yara. Ni an gano nawa, kuma washegari duk suka miƙe suka gaishe ni yadda suka saba.