Jarrabawar Sarkin Aska

Shekaru sun ja, wataƙila na saka wani abu a inda ba wurinsa ba, amma ranar da aka yi mini aski a Jabo ba ta fita raina ba.

Bayan samun mulkin kai ne, zamanin Jihar Arewa. Ban daɗe da gama digiri ba aka tura ni Tambuwal a matsayin mataimakin jami'in ilmi. Cikin aikina har da haɗa takardun ɗaliban da ke neman gwamnati ta tura su ƙaro karatu. Ƙa'ida ita ce a haɗa fom da sakamakon jarrabawa da shaidar yardar uba, a aika Sakkwato, daga can a wuce da su Kaduna.

Akwai Umaru, mutumin Jabo, mai son karatun likitan haƙori. Kemistiri da bayoloji ya yi kyau ƙwarai, fizis kuwa da kyar ya haye. Wannan fizis ya hana ni sukuni, sau uku ina sake rubuta wasiƙar shaidarsa. Da na kai wa shugabana ya ce, "Malam, makin ya isa. Ina hannun uban? Jibi motar wasiƙu za ta tashi, in ta wuce sai baɗi."

Na riga na aika wa uban, Malam Garba, takarda da Hausa. Don gudun kada in cika baki, sai na rubuta cewa ɗansa zai koyi "cire haƙori". Bai amsa ba.

Washegari na goya Umaru a babur. Muka tarar da Malam Garba a zaure da wasu maƙwabta, Sarkin Aska, shugaban wanzaman garin, yana gyara masa gemu. Na fara bayanin maki, ya ɗaga hannu.

"Malam, ba maki ad damuwata ba. Mu manoma na. Cire haƙori gadon gidan wanga bawan Allah na. In sa ɗana shi shiga gonar maƙwabci ba sallama?"

Sarkin Aska ya yi dariya. "Garba, yau kat tuna ina da daraja? To in gwada shi. In ya ci, na ba shi izini."

Na miƙa masa takardar sakamako, ya ture ta. "Takarda ba ta riƙe awartaki. Hannu nika dubi." Ya zaro aska daga zabira ya ba Umaru, ya waiwaya yana neman kai. Nasa ƙwal yake, na Malam Garba an gama. Sai idonsa ya sauka kaina.

Na ce ina ganin kamar ba ya cikin ƙa'ida. Ya ce, "Kai ka rubuta kana shaidar yaro. Ko shaidar ta tsaya ga takarda?"

Na cire hula na zauna. Umaru ya jiƙa kan, ya raɗa mini, "Malam, don Allah bar rawar jiki, kai ka girgiza ni." Na rufe ido ina salati har aka gama. Sarkin Aska ya shafa kan tun daga goshi har ƙeya, bai sami ko ƙwarzane ba.

"Na yarda shi shiga gadonmu," in ji shi. "Amma in ya dawo, ni za shi fara gaidawa."

Malam Garba ya dangwala yatsa a tawada ya sa a fom. Takardun suka sami motar, aka kuma ɗauki Umaru.

Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, shi ne ofis maki yake aunawa, mutanenmu kuwa sai sun san haƙƙin wa za a taɓa. Ban sake rubuta wa uba wasiƙa ba sai na fara zuwa zaurensa.

Ina zaton mutum shida ne a zauren, ko bakwai. Wanda ya halarta, ko ya ji daga bakin wanda ya halarta, don Allah ya aiko mini da gyara.